Kalangu a Rumfar Auduga

Jiya jikana ya zo mini da abokansa, wai za su yi wasan kwaikwayo a makaranta, suna son in ara musu kalangu. Na ce wa zai kaɗa? Suka ce ai kowa ma, ba bugu ba ne? Kowa ma! Na karɓe abina na mayar jikin ƙusa, na ce su nemi tabarma su zauna. Na ce musu, tun da kun ce bugu ne, bari in gaya muku yadda bugun nan ya kusa raba ni da gidan ubana.

Ɗaurin fata aka fara koya mini, kuma na daɗe a kansa kafin a bar ni in taɓa sandar kiɗa. Mu makaɗan noma ne, a wani ƙauye bayan Rawayau, kuma ƙanen mahaifina, Baffa Tanko, shi ya riƙe ni. Fatar ɗan akuya ake samowa, a jiƙa ta, a kankare gashin tas, a ɗora ta a bakin kango, wato icen gangar, wanda muke sassaƙawa da alilliba. Sai a ɗinke, sannan a bi tsirkiya ana ja ɗaya bayan ɗaya. In wani gefe ya fi wani tauri, kalangu zai riƙa yi maka i'ina. Baffa ba ya faɗa da baki. Zai karɓa, ya matse a hammata, ya buga, ya saurara, sannan ya miƙo maka wuƙa. Ma'ana ka kwance ka sake, ko da kuwa ka wuni a kai.

Bayan fata sai take. Kowane babban manomi yana da takensa, kiɗan da in an yi shi, ko mutum yana bayan dutse ya san da shi ake. Dokar kuwa ɗaya ce, kuma ba ta da gyara: mai take ba ya shigowa wuri makaɗinsa na zaune ya yi shiru. Ko lomar tuwo ce a hannunka, ajiye ta za ka yi. Ubangidan gidanmu shi ne Sarkin Noma Ɗanbaba. Tun zamanin kakanmu gidansu muke yi wa kiɗa, kuma damin geron da muke ci, da rigar salla, da ragon suna, duk daga can suke fitowa. Takensa cewa yake: "Na Hassu, garma ba ta hutu, rumbu ya fi riga." Mutum ne marar fara'a. Ɗansa na fari, Ila, ya tafi cirani Kurmi shekarun baya, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, tun daga nan kuma ba wanda ke ambaton sunan yaron a gabansa.

To, bayan Mulkin Kai da kaɗan, in an gama yankan gero nakan sauka Dutsin-Ma in riƙa yi wa mahauta kiɗa ranar kasuwa. Nan Likita Bitrus ya same ni. Kirista ne daga kudancin Zariya, shi ke ba da magani a disfensare, shi ya sa muke ce masa Likita. Mutumin kirki ne, sai dai in ya ƙulla abu a ransa, ko kaska ta fi shi saurin saki. Ya ce a Kaduna ya taɓa ganin wani irin wasa, mutane suna cikin magana kamar ni da kai, sai kawai su ɓarke da waƙa, kiɗa ya ɗauka, labari kuma yana tafiya. Ya ce zai yi irinsa da Hausa, kuma ni zan riƙe masa kiɗa. Na ce to, don a lokacin ni ma na ɗauka bugu ne.

Labarin nasa na wani yaro ne da ya tafi cirani ya bar uwarsa. Wansa ya cinye gona, uwa ta yi ta kuka har ta makance, a ƙarshe yaro ya komo. Sani mai gyaran keke shi ne yaron, don muryarsa tana da zaƙi. 'Yan amshi kuma aka ɗebo cikin leburorin hanya. Da aka je neman izini, aka gindaya mana sharuɗɗa: a fara bayan la'asar, a tashi da kiran magariba, kuma kada mace ta hau dandamali. Saboda haka Lawal Tela ya zama uwa, ya ɗaura zane da kallabi, gashin bakinsa kuma ya ƙi askewa, sai dai ya riƙa rufe shi da mayafi. Wurin wasa kuwa rumfar awon auduga ce. Akawun wurin ya ara mana ita, ya ce mu yi ta sha'aninmu har ranar da ma'auni zai iso.

Dandamalin da hannunmu muka kafa shi. Muka jera duro-duro na kananzir, muka shimfiɗa katako a kai, muka ɗaure da igiyar rama, muka kewaye rumfar da zana, aka bar ƙofa ɗaya. Labule kuma Lawal ya harhaɗa da tsofaffin buhuna. Akwai wani katako a tsakiya mai ƙara, in an taka sai ya yi kuka, dole na haddace inda yake don in rufe ƙarar da kiɗa.

A nan na gane kiɗan dandamali ba kiɗan gona ba ne. A gona kai ne gaba, manomi yana bin ka, in ka ƙara wuta ya ƙara. A dandamali kai ne a baya. Idonka yana kan kafaɗar mawaƙi, in ta ɗaga ka san numfashi zai ja, ka ba shi wuri. In ka buga da ƙarfi ka danne maganar, na baya ba su ji abin da uwa ta ce ba. In ka yi sanyi da yawa 'yan amshi su ɓace. Sannan akwai shiru. Likita zai ɗaga yatsa, in tsaya cak, hannuna yana ƙaiƙayi, in jira har Sani ya gama jan kalma. Wallahi koyon shirun nan ya fi ɗaurin fata ba ni wuya.

Ranar farko rumfa ta cika har ana leƙe ta ramukan zana. Sani ya rataya ƙunshinsa a sanda, ya waiwayi uwa, ya ɗauki waƙar tafiya:

"Inna riƙe mani iri,
in damina ta faɗi ina tafe."

Wuri ya yi tsit. Daga bayan zana ana jin mata suna jan hanci. Muka wuce, wa ya sayar da gona, uwa ta zauna bakin ƙofa ta fara kuka. Ana cikin wannan sai ga Sarkin Noma Ɗanbaba a ƙofar zana da mutanensa. Shi babban mutum ne, ba ya zuwa wuri da wuri ya zauna jira, kuma tafiyar daga ƙauye da nisa. Ban ma san lokacin da hannuna ya juya ba. Na Hassu, garma ba ta hutu! Manoman da ke wurin suka miƙe, wannan ya yi kirari, wancan ya karɓe, wani ya sunkuya yana noman ƙasa da sandarsa. Aka yi ta yi mini karin kuɗi ana sake neman taken. Kafin ƙura ta lafa a koma kan kukan uwa, Lawal ya manta inda ya tsaya. Ya ɗan taɓa kukan kaɗan, sai ladan ya kira salla.

Likita ya tare ni bayan labule, gumi ya jiƙe masa riga.

"Mamman, mene ne wannan ka yi mini?"

"Take ne, Likita."

"A tsakiyar kukan uwa?"

"Ai ba ni na ce mashi shi shigo lokacin ba."

Ya dube ni, ya dubi sama, ya ce Allah ya ba shi haƙuri. Na ce amin, don ni ma ina bukata.

Ba ni kaɗai ke kashe wasan ba, kada ku ɗora mini duka. Waƙar tafiyar nan ta shiga ran mutane, sai wani ya taso ya yi wa Sani kari ya ce a maimaita. Wa ya isa ya mayar wa mutum kyautarsa a bainar jama'a? Sai a maimaita. Wani ma ya taso. Akwai ranar da yaron nan ya yi ta sallama da uwarsa har rana ta yi ja, bai bar ƙofar gida ba. Likita ya tsaya gaban jama'a ya roƙe su su riƙe kyautarsu sai an gama, wani tsoho ya ce masa, "Kai Likita, in an gama wa zan ba? Yanzu ta yi mani daɗi."

Muka ce bari mu gwada Kurfi, ko can a dace. Muka ɗora katako da labule a kan jakuna, muka kafa a wani fili kusa da kasuwa. Wasa ya tafi sumul, ba mai take, ba mai kari, har na fara cewa yau dai za mu ga ƙarshe. Uwa tana zaune tana kuka, sai na ga idon Lawal ya tsaya a kan wani dattijo da ya shigo ya zauna sahun gaba. Surukinsa ne, uban matarsa. Ku duba fa: mutum da gashin baki, ɗaure da zane, a gaban surukinsa. Lawal ya dira ta bayan dandamali, ya keta zana, ya faɗa gonar dawa, kallabi ya maƙale a ƙaya. Muka yi ta kira, ko waiwaye. Sani ya tsaya riƙe da sanda ba uwar da zai komo wa. Ranar mutanen Kurfi sun yi dariya har da riƙe ciki, amma ba irin dariyar da Likita yake nema ba ce.

Muka komo Dutsin-Ma. Duk ranar kasuwa mu yi wasa, duk ranar kasuwa Sarkin Noma ya zo a makare, ni kuma in kaɗa masa take, magariba ta yanke mu. Ban taɓa ganin ya yi murmushi a wurin ba. Zai zauna, ya kafa wa dandamali ido, in ladan ya kira ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita. Na riƙa cewa a raina, wannan tsoho in ba ya son wasan me ke kawo shi?

Sannu a hankali mutane suka gaji. Wa zai yi ta ba da kwabonsa yana kallon abin da ba ya ƙarewa? Aka sa mana suna, wai wasan Likita mai kai ba wutsiya. In Sani yana ɗaurin tayar keke a bakin kasuwa, sai mai wucewa ya ce, "A'a, Sani, ashe kana gari? Tsohuwarka na can tana kuka." Leburori biyu suka daina zuwa amshi. Rumfar da ake leƙe ta ramuka ta koma tabarmi sun fi mutane yawa, har awaki suna shigowa su kwanta.

Ana nan sai akawun auduga ya aiko. Ya ce bana auduga ta buɗe da wuri, ma'auni yana hanya, kasuwa mai zuwa ita ce tamu ta ƙarshe, washegari yana son rumfarsa a share. Mu da muka sa rai za mu kai tsakiyar rani.

Likita ya zo har inda nake kwana, ya zauna a kan turmi. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi ya fi mini sauƙi.

"Mamman, waƙar komowa, wadda muka sha wuya a kanta, ba wanda ya taɓa jin ta sai mu da awaki. Sau ɗaya nake roƙo. In tsohon nan ya shigo, ka riƙe hannunka."

Na ce sai na shawarci Baffa. Na taka har ƙauye, na same shi yana jan tsirkiya a gindin bedi. Ya saurare ni har na gama bai ɗago ba.

"Wato Sarkin Noma shi taka ƙofa, kana riƙe da kalangu, ka yi mashi shiru gaban mutanen Dutsin-Ma?"

"Na ɗan lokaci ne, Baffa, in an gama sai..."

"In ka yi haka, ka nemi wani gida. Ba kai ɗai ka cin kunyar ba. Geron da ƙannenka ka ci, daga rumbun Likita shike hitowa?"

Na ce to ko a aika a roƙi tsohon ya zo da wuri, ko ya haƙura da zuwa ranar. Baffa ya dube ni kamar na zagi mahaifina, ya ce in ina da bakin faɗa wa Sarkin Noma lokacin da zai fito daga gidansa, ga hanya nan. Na komo Dutsin-Ma cike da haushi: haushin Likita da ya jawo ni, haushin Baffa, haushin tsohon da ba ya dariya kuma ba ya fashi.

Ranar ƙarshe na sake jan tsirkiyata tun da hantsi, na gwada, na sake. Likita ya datse wasan, ya cire duk abin da za a iya cirewa. Ya gargaɗi Sani, ko wa ya yi kari ya yi godiya da ka ya wuce. Lawal ya ce shi ba zai ɗaura zane ba sai ya tabbata surukinsa ba ya gari. Likita ya ce ya kwantar da hankalinsa, kurkunu ya kama surukin a ƙafa, shi da kansa ya naɗe masa, ya kuma hana shi taka ƙasa. Ban tambayi ko ciwon ya kai a hana mutum tafiya ba.

Ana sallame la'asar muka fara, mutane 'yan kaɗan. Muka yi ta gudu. Yaro ya tafi, wa ya sayar da gona, uwa ta yi kuka ta makance, rana tana gangarawa, ƙofar zana ba kowa. Na fara cewa ko Allah ya taimake ni tsohon ya yi fashi yau. Muka shiga inda ba mu taɓa kaiwa ba a gaban jama'a. Sani ya fito cikin tsumma, ƙafa ba takalmi, ya tsaya nesa da ƙofar uwa. Na sassauta hammata, na ɗauko kiɗan komowa a hankali, ƙasa-ƙasa.

Sai na ji haniniyar goɗiya a waje.

Sarkin Noma ya tsaya a ƙofar zana, sanda a hannu, mutanensa a baya. Duk wanda ke rumfar ya waiwayo, ba shi suke kallo ba, ni suke kallo. Na hango Likita ta gefen labule ya ɗora hannu biyu a ka. Kafaɗar Sani ta ɗaga, ya ja numfashi. Taken yana nan a bakin yatsuna, ga maganar Baffa a kunnena. Kada ku ce jarunta ce, haushi ne. Na gaji da yaron nan da ba ya isa gida. Na sunkuyar da kai na ci gaba da kiɗan komowa, Sani ya ɗauka:

"Inna buɗe ƙyaure,
ƙafar da ta tahi ita ta komo."

Tsohon bai shigo ba. Mai take ba ya ƙetare ƙofa ba takensa, sai ya tsaya nan a tsaye, rana tana dukan ƙeyarsa. Lawal ya miƙe yana lalube, ya shafa fuskar Sani, ya shafa kunnensa, ya kira sunansa. 'Yan amshin da suka rage suka karɓa, sai na ji mutanen rumfar su ma sun karɓa, su da ba su taɓa jin waƙar ba. Muka kai ƙarshe. Na ɗaga sanda, aka ja labule, ladan ya kira salla.

Na ajiye kalangu, na tafi ƙofa, na durƙusa. Na riga na fara tunanin garin da zan nufa.

"Mamman na Tanko."

"Ranka shi daɗe."

"Tun yaushe nike zowa wurin ga?"

"Tun farko, ranka shi daɗe."

"Kullum in na zo, sai ka cika mani kunne da garma ba ta hutu. Na san ba ta hutu, ni ka riƙon ta. Ni yaron ga na zo gani, ko shina komowa." Ya dubi dandamali. "Ashe shina komowa."

Ya sa aka kira Sani. Sani ya zo cikin tsummansa ya durƙusa kusa da ni. Tsohon ya daɗe yana dubansa.

"Kai, ina ka tsaya haka da daɗewa?"

Sani ya rasa ko shi ake tambaya ko yaron wasa. Ya dube ni, na kau da kai. Sai ya ce, "Hanyar ce da nisa, Baba."

"Haka ne," in ji tsohon. "Da nisa."

Ya tuɓe babbar rigarsa a nan tsaye, ya yafa wa Sani, ya ce ba a shiga gida da tsumma. Sannan ya juyo gare ni ya ce jibi suna yankan dawa, in zo da ganga in kaɗa har in gaji, can ne wurinta. Ya nemi buta ya yi alwala.

Washegari ma'auni ya iso a bayan mota. Muka kwance katako, muka mayar da duro-duro, Lawal ya yanka labulen ya yi wa jakuna akumari. Ba a daɗe ba aka yi wa Likita canjin wurin aiki, wasan kuma bai sake hawa dandamali ba. Da labari ya kai wa Baffa, bai ce na kyauta ba, bai kuma ce in bar gida ba, ya dai ce in duba fatar babbar ganga kafin jibi.

Ila bai komo ba har tsohon ya rasu. Amma duk ranar kasuwa sai Sarkin Noma ya ɗaure goɗiyarsa a rumfar Sani, shi da ko keke bai taɓa hawa ba, ya zauna a kan benci, ya tambaye shi ko ya ci abinci.

Kalangu dai ba zan ara muku ba. Wanda yake so a cikinku, ya zo gobe da fatar ɗan akuya, wuƙa tana wurina.